Gafakar da Na Hana Ki Buɗewa

Zuwa ga ’yata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya kai ki Garnaɗa ta ƙasar Sifaniya lami lafiya, Ya tsare ki a sama da ƙasa, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya sa karatun da za ki yi ya amfane ki duniya da lahira.

Na san za ki yi mamaki. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinki da namu, amma ga babanki yana rubuto miki wasiƙa kamar wanda ke zaune a Damagaram. Bakina ne ya gaza. Sau uku a makon nan na tsaya a ƙofar ɗakinki kina zuba kaya a balis ɗin tafiya, in buɗe baki zan yi magana, sai in ji kaina ina tambaya ko kin ɗauki rigar sanyi. Shi ya sa na sayi kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, nake rubutawa kaɗan-kaɗan a ɗakin hutun direbobi a tashar bas, tsakanin zagaye da zagaye. Mamanki za ta miƙa miki ita ranar Juma’a bayan an sauko daga masallaci. Da gangan na zaɓi ranar, don ki samu lokacin yin fushi da ni a gida kafin jirginki ya tashi ran Asabar.

Maganar gafaka ce. Wata huɗu kina roƙona in buɗe akwatin ƙarfen da ke saman kabad in fito miki da ita, ki ɗauki hoton littafin gidanmu gaba ɗaya. Warƙa bakwai kawai na taɓa zaro miki, tun kina shekarar farko a jami’a. Su ne malamarki ta gani ta ce kwafi ne na littafin wani likitan Andalus a kan tsirrai da magunguna, kuma a kansu aka ba ki gurbin karatu a Sifaniya. Kin rubuta wa malamin da zai karɓe ki cewa za ki zo da sauran. Ni kuwa yau in ce makulli ya ɓata, gobe in ce sai na samu natsuwa, jibi in ce ƙura za ta tayar miki da asma. Duk ƙarya ce, Uwani. Littafin bai cika ba, kuma ni na yi sanadi. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, to ni nawa yau nake fafe shi, don gara ki ji abin kunyar daga wurina a nan Glenwood ta Amurka da ki je ki sha ta a gaban baƙi.

Bari in fara daga bakin nan nawa, don shi ya fara kai ni ya baro. Kin taso kin iske ni da waƙar Andalus. Ban karanta ta a ko’ina ba. A wani kaset na wa’azi na ji ta, shekarar da na zo ƙasar nan ina tuƙin tasi, na haddace ta kamar karatun allo. Duk fasinjan da ya yi kuskuren tambayata daga ina nake, ya shiga uku. In ce masa Sifaniyar nan da yake ji, ɗaruruwan shekaru Musulmi suka yi suna mulkinta. Mu muka shimfiɗa dutse a titunan Ƙurɗuba muka kunna musu fitilu, lokacin kakanninsa na cuɗanya da aladu cikin taɓo. Mu muka gina gidajen wanka. Mu muka kai musu takarda da lemo da shinkafa da rake. Mu, mu, mu. Ni da ko lekol, makarantar boko, ban gama ba, makarantar allo ma a izu goma sha ɗaya na gudu.

Wata rana na ɗauko wata tsohuwa daga bakin jami’a zan kai ta filin jirgi. ’Yar ƙarama ce, gashinta fari fat, ta rungume jaka a cinya. Na kunna mata kaset ɗin bakina. Ta saurara har muka hau babbar hanya, sannan ta ce da Turanci, a hankali:

“Ai ni ma shekara talatin ke nan ina koyar da rubutun mutanen nan. A cikinsu wa ka fi son karantawa?”

Na yi tari. Na ce duka.

Ta yi murmushi, ta rera mini baiti biyu da Larabci, Larabcin da ko limaminmu sai ya gyara zama. Kalma ɗaya na tsinta a ciki, ita ce ruwa. Ta ce Bayahude ne ya yi baitin, mutumin Ishbiliya ta Andalus, kuma kakanninta daga can ƙasar aka koro su bayan faɗuwar Garnaɗa.

“Ka ga ke nan ni ma ina da rabo a cikin abin da kake faɗa,” in ji ta.

Na ƙara muryar rediyo har muka isa. Da za ta sauka ta rubuta mini sunan littafi biyu a bayan katinta. Katin ya shekara a aljihun mota ban nemi ko ɗaya ba. Washegari kuwa na ci gaba da waƙata ga wani fasinjan, ko kunya babu.

Saboda haka in kin shiga masallacin Ƙurɗuba ko fadar Garnaɗa kika ji kanki yana kumbura, ki tuna kayan aro ba ya rufe katara. Waɗanda suka sassaƙa bangon nan sun yi gumi, ke koyo kika zo yi. Kada ki yi tutiya da aikin da ba ki zauna kin karanta ba. Duk wanda ya fi ki sani ki matsa kusa da shi, ko masallaci yake zuwa, ko coci, ko ba ya zuwa ko’ina. Ke kika gaya mini cewa a Ƙurɗuba sai da likitoci Musulmi da Bayahude da wani malamin Kirista suka haɗa kai a kan littafi ɗaya na Girkawa kafin su gane wace ciyawa ce wace. Da masu irin halina ne, da har yau ba a gane ba.

Sai maganar rabon gado. Lokacin da kakanki ya rasu shekarata shida a nan, ba a haife ki ba. Na je Damagaram da takalmi mai ƙyalli da agogon da ya fi hannuna nauyi. Bayan addu’ar bakwai aka fito da abin da ya bari: gida, gona a hanyar Mirriya, da gafakar nan. Kin san littattafanmu ba a ɗinke su. Warƙoƙi ne sake, a jere tsakanin kwali biyu, a ɗaure da igiyar fata. Limamin unguwarmu ya ce:

“Gida a raba, gona a raba. Littafi kuwa ba a raba shi. Ku bar shi hannun Habu, shi ya zauna gaban mahaifinku ya karance shi.”

Habu shi ne yayana, baffanki da ba ki taɓa gani ba. Gaskiya liman ya faɗa. Amma ni daga Amurka na zo, ni na sayi ragon sadaka, a ganina maganata ta fi ta kowa tsawo. Na ce albarkar Baba ba ta mutum ɗaya ba ce. Na kwance igiyar da hannuna, na kasa warƙoƙin kashi uku a kan tabarma kamar naman watanda: na farko na Yaya Habu, na tsakiya na ƙanenmu Ilya, na ƙarshe nawa, don ya fi yawan jar tawada. Na haɗa da gafakar, wai ni ne mai tafiya nesa.

Yaya Habu bai ɗaga murya ba. Ya dubi tulin da ke gabansa ya ce:

“Sani, ka san abin da ka yi? Nawa bayanin cututtuka ne, magungunan suna cikin naka. Ka bar ni da cuta, ka tafi da magani.”

Dariya na yi. Na Ilya gara ta cinye shi a damina ta biyu. Na Yaya Habu kuwa, bayan rasuwarsa matan gida suka riƙa yagar gefe suna jiƙawa suna ba yara masu zazzaɓi, tunda an san littafin magani ne. Da na tambaya ta waya, ɗansa ya ce warƙa tara suka rage. Har Yaya Habu ya koma ga Allah gaisuwarmu ba ta wuce ta Salla ba, kuma ban taɓa ba shi haƙuri ba.

In wanda ya san abu ya yi magana, kada ki rufe masa baki da abin hannunki ko da takardar digirinki. Za ki dawo da laƙabi a gaban sunanki. Wata rana za ki je Damagaram ki tarar da tsoho a zaure da tsummar riga, bai san ta inda ake bi a je Sifaniya ba. Ki tuɓe takalminki ki zauna ƙasa, ki bar shi ya gama maganarsa.

Kashina warƙa tamanin da huɗu ne da na iso da shi. Da na bar shi a gafaka ya yi barcinsa, da yau da sauƙi. Sai na mayar da shi goro. Aboki ya buɗe shago, in zaro warƙa in kai masa don albarka. An yi suna, in zaro. Akwai wani shagon buga takardu a Elm Street, can nake kai su a manne su cikin leda da injin zafi, wai adana su nake. Har daɗi nake ji in sun fito da ɗumi suna ƙyalli. In miƙa wa mutum da hannu biyu in ce, “Daga Andalus wannan ta fito.” Ba wanda ya taɓa tambayata me ke ciki. Ni ma ban sani ba, don rubutun Magaribi ne mai sarƙa, idona bai wuce bisimilla ba.

Kin tuna ranar da muka je gidan abincin Alhaji Ɗan Maraɗi, kina shekara ta biyu a jami’a? Kika ɗaga kai kika ga warƙar da Alhaji ya rataye saman kantar biyan kuɗi, ya zagaye ta da furen roba. Kika karanta, kika toshe baki da gyale kina dariya har da hawaye.

“Baba, kun san me Alhaji ya rataye a kan tuwonsa? Maganin tsutsar ciki ne!”

Sai kuma dariyar ta tsaya. Kika ce, “Wait. Baba, wannan hannun ai irin na littafinmu ne.”

Na ce hannun malaman da duk ɗaya ne, ki ci abincinki kafin ya huce. Kika yarda, don ba ki taɓa zaton babanki zai dubi tsabar idonki ya shirga miki ƙarya ba.

Kin taɓa ba ni labarin cewa an yi zamani a Ƙurɗuba da littafi ya zama ado, attajirin da bai iya karatu ba yakan cika ɗaki da littattafai don dai a ce yana da su. Kina faɗa kina dariya, ni ma na taya ki. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Su ma ai sun fi ni, tunda su tarawa suke yi.

Mako biyun nan da nake cewa an ƙara mini aiki, ba aiki nake zuwa ba. Gida-gida nake bi, shago-shago, ina roƙon abin da na bayar kyauta. Kin san nauyin wannan a wurin Bahaushe. Wasu sun ba ni suna kallona ta gefen ido. Alhaji Ɗan Maraɗi da ya ji abin da ke rubuce, da kansa ya hau kujera ya ciro tasa, yana cewa, “Haba Malam Sani! Shekara goma sha biyu kwastoma na cin abinci a ƙarƙashin tsutsa?” Wasu sun ƙaura zuwa Ohio da Atlanta, wasu sun rasu. Goma sha tara na samo. Da waɗanda suka rage a gafaka sun zama hamsin da takwas. Na kai masu ledar wurin wata mai gyaran tsofaffin takardu, ta jujjuya ɗaya a hannunta ta ce in aka ɓare ledar, tawadar za ta biyo ta. Ta tambaye ni wa ya yi wannan aika-aika. Na ce wani ɗan’uwana ne.

Kin ga ko a makon tuba ban daina ba. Ƙarya in ta saba da baki ba ta neman izni. Kada ki bar ta ta saba da naki, ko ƙarama ce, ko don kare mutunci. Kuma abin da aka bar miki amana ba naki ba ne da za ki nemi girma da shi. In ba ki san darajarsa ba, ki bar shi yadda kika same shi, ki nemo masani.

Yanzu na zo inda ya fi mini nauyi. Kina da shekara tara, wata Asabar na sauko da gafakar zan zaro wa wani warƙa. Waya ta yi ƙara, na juya. Kafin in dawo kin durƙusa kina bin layi da ɗan yatsa, kina haɗa baƙaƙen da aka koya miki a Islamiyyar masallaci. Kika ɗago da murna kika ce:

“Baba, look! Hausa ce! An rubuta zogale!”

Na buge miki hannu. Bugu na gaske, har sawun yatsuna ya fito. Na ce wannan kayan malamai ne, ba na ’yan mata ba. Ba ki yi kuka a gabana ba, sai da kika koma bayan kujera.

Daidai kika karanta. Likitocin Andalus in sun kawo tsiro sukan jera sunansa da Larabci, da harshen Girkawa, da na mutanen Magarib, da na manoman ƙasar, don kada wani ya sha guba a madadin magani. Ke kika koya mini wannan daga baya. Wanda ya kwafe namu ya ɗora a kan wannan al’ada, a gefen kowane suna ya sa na Hausa da ƙananan baƙaƙe: zogale, sabara, bagaruwa, hulba. Kullum ce miki nake kakan kakanmu ne ya rubuta, babban malami mai rawani. Wannan ma ƙarya ce, kuma ita ta fi ci mini rai.

Mace ce ta rubuta shi, Uwani. Goggon kakanki ce, ƙanwar mahaifinsa. A gida Goggo Malama ake ce mata, ban iske ta ba. Mahaifina ya ce wani baƙo daga Agadas ya sauka gidansu zai wuce hajji, ya bar littafinsa ajiya, kafin ya dawo ta kwafe shi tas. Ita ke dafa tawadarta. Ba ta sa sunan Hausa sai ta fita daji ta nemo ciyawar ta gwada ta da siffar da aka bayar. Duk na san wannan ranar da na buge ki. Na ɓoye ne don malami mai rawani ya fi daɗin faɗa a majalisa.

Ban tsaya nan ba. Da kika bar karatun haɗa magunguna kika koma Larabci da tarihi, wata guda na yi ba na amsa gaisuwarki sai da ka. Ni da na cika miki kunne da Andalus tun kina goye, laifinki kawai kin ɗauki maganata da gaske. Ranar da kika dawo kina ba mamanki labarin matan wata unguwa a Ƙurɗuba waɗanda sana’arsu ke nan kwafe littattafai, kika ce, “Ina ma a ce muna da irinsu a danginmu,” ina falo ina ji. Na tashi na fita wanke motar da na riga na wanke da safe. Mamanki ta biyo ni da tawul ta ce, “Malam, har yaushe?” Ita ta daɗe da sani. A makon nan ta ce in ban faɗa ba ita za ta faɗa, kada ki ga laifinta.

Kada ki bar kowa ya ce miki ɗakin ilmi ba wurinki ba ne, ko da rawani ya zo ko da kwat. In kuma ke kika cuci na ƙasa da ke, ɗalibi ne ko ɗa, ki ba shi haƙuri da zafinsa. Shekara goma sha bakwai nake ɗauke da bugun nan, kullum sai ƙara nauyi yake.

Kin ce duk cikin littafin warƙar ƙarshe kika fi buƙata, domin a nan mai kwafe yake sa sunansa da garinsu da shekara, da sunan wanda ya kwafa daga littafinsa. Wani lokaci akan bi sarƙar har birnin Fas na Magarib, a haye ruwa a isa Andalus. Kin ce da ita za ki tsaya gaban malamai ki nuna hanyar da ilmin ya bi ya zo Damagaram. Ba ta cikin hamsin da takwas ɗin.

Ita na fara bayarwa. Ranar da aka haife ki mamanki ta zubar da jini har aka fitar da ni daga ɗakin. Wani likita dattijo ya yi awa huɗu a kanku, ku biyu kuka fito da rai. Bayan suna na rasa me zan ba shi. Na buɗe gafaka na zaɓi wadda ta fi kyau, layukanta suna ta gajarta har su ƙare da tsini, an zagaye su da ja da rawaya. Na sa ta a firam na kai masa gidansa a Sedgefield. Ina so in ce miki godiya ce zalla. Akwai godiya. Amma ina tune da yadda na tsaya a ƙofarsa ina kallon ciyawar filin golf, ina so ya san direban tasin nan ba daga sama ya faɗo ba. Sai da na yi masa waƙar Andalus kafin in miƙa.

Ran Litinin na koma gidan. Ɗansa ya buɗe mini, mutumin kirki, har ruwa ya ba ni. Likita ya rasu shekara uku ke nan. Ya ce ya tuna firam ɗin, a hanyar bene yake rataye, mahaifinsa na son shi ƙwarai. Da suka gyara gidan sai suka kira masu mota suka kwashe duk abin da ba wanda ya ɗauka, bai san inda suka kai ba. Ya yi ta ba ni haƙuri. Na bi shagunan gwanjo shida, ina ɗaga hotunan karnuka da na jiragen ruwa ina leƙa bayansu. Babu.

Sunan Goggo Malama na yanka a wannan warƙar kaɗai yake. Duk sanda mahaifina ya kai ƙarshen littafin yakan karanta shi a bayyane, domin ta roƙi duk wanda ya karanta ya nema mata gafara, sai mu shafa fatiha. Na ji sunan ya fi sau ashirin, hankalina yana wurin ƙwallo. Kwanakin nan ina tuƙi ina jera sunayen mata a raina, Hauwa, Rabi, Saude, Zulai, ko wani zai yi mini kama, har na wuce tasha biyu fasinjoji na ta danna ƙararrawa. Na kira Ilya, ya ce shi yaro ne a lokacin. Wanda ya riƙe sunan Yaya Habu ne.

Akwai maganar da kika yi mini a mota bara da ta ƙi barina. Ina cikin zagin waɗanda suka tara littattafan Musulmi a dandalin Garnaɗa suka cinna musu wuta, kika ce, “Baba, tun kafin su wani mai mulkin Ƙurɗuba, Musulmi, ya ƙone nasa rabon don ya faranta wa malamai.” Na ce ƙaryar Turawa ce. Kika ƙara da cewa Musulmin da suka rage bayan an ci ƙasar, da Larabci ya kuɓuce musu, sai suka riƙa rubuta harshensu da baƙaƙen Larabci irin ajaminmu sak, suna naɗe littattafan a tsumma suna binnewa cikin bango da ƙarƙashin daɓe, alhali in an kama mutum da su ya shiga hannun hukuma. Kin ce an sha rushe tsohon gida a tarar da su. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na wasu. Su da wuta a bayansu sun adana. Ni ba sarkin da ya kore ni, ba soja a ƙofata, ina zaune a gida mai iyakwandishan na yi wa littafin Goggo abin da na yi sama da shekara talatin ina zagin wasu a kansa.

In kin isa, ki gaya wa malaminki ranar farko, kada ki jira ya tambaya. Ki ce warƙa hamsin da takwas ne, goma sha tara a cikin leda, ƙarshen ya ɓata. Ki faɗi wanda ya ɓatar. Kada ki rufa mini asiri, kada ki fara aikinki da ƙaryar da kika gada. Ban sani ba ko abin da ya rage zai ishe su. In gurbin nan ya kuɓuce miki saboda ni, ban san da wane ido zan dube ki ba. Gafakar tana ɗakinmu a kwance, ki ɗauke ta duka, taki ce. Ɗan Yaya Habu kuma ya yi alkawarin turo miki hoton taran da ke wurinsu.

Saura roƙo ɗaya. Kwanan baya kin bar takardunki a kan teburin cin abinci, na zo ɗauke kofi idona ya faɗa kan shafin farko. Na ga kin riga kin rubuta sadaukarwa tun aikin bai fara ba: ga babana, wanda ya ɗauko laburare a jakar fata ya haye teku da shi, ya tsare mana shi duk shekarun nan. A tsaye na karanta, sau biyu. Ba a taɓa yabona haka ba, kuma ban taɓa jin na muzanta kamar lokacin ba. Gaskiya, da ban gani ba, ko da barazanar mamanki wataƙila da na sake ƙirƙiro wata dabarar har jirginki ya tashi.

Ki goge shi, Uwani. In Allah Ya sa kin gama, ki sa nata a wurin. Na san ba ki da sunan da za ki rubuta. Ki rubuta Goggo Malama ta Damagaram, ki ce jikan yayanta ne ya ɓatar da sunanta, ki roƙi duk wanda ya karanta ya nema mata gafara. Allah Ya san sunan.

Ran Asabar ƙarfe tara zan fito da mota. In kin fi so mamanki ta kai ki ita kaɗai, ki gaya mata, ba zan ce komai ba. Zan sa miki kaya a but ɗin mota in koma ciki.

Allah Ya tsare hanya, Ya sauke ki lafiya, Ya kare ki daga sharrin mutum da aljan, Ya ba ki malamai masu gaskiya, Ya yi miki albarka. Ki riƙe salla, ki riƙa cin abinci, ki riƙa kiran mamanki ko da ni ba ki kira ba. In zuciyarki ta huce wata rana, ki yafe mini.

Wassalamu alaikum.

Babanki,
Sani